Daminar da na yi ina bin tarwaɗa a Gulbin Rima

Tambaya ta 11 a takardata ce ta fara nuna mini cewa aikin ba zai tafi yadda na tsara ba. Cewa take: a wane wata tarwaɗa take zuba ƙwai? A ƙarƙashinta na jera watanni 12, kowanne da ɗan akwatinsa, don in yi maki in wuce. Na karanta wa Sarkin Ruwa ita muna zaune a gindin wata tsamiya, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gulbi ya janye ya bar rairayi fari fat, sai 'yan gurabe nan da can. Ya ɗan yi shiru yana gyara ƙugiyoyin mamarinsa, sannan ya ce, "Yaro, kihi bai san watan Nasara ba. Jan ruwa shika jira." Jan ruwa shi ne ruwan damina mai launin ja da ke cika gulbi ya malala ya hau ciyawa. Na sake tambaya, ko Yuni ne ko Yuli. Ya ce in Allah ya kawo jan ruwa da wuri, da wuri ne, in ya makara kifin ma ya makara, wata shekarar kuma ruwan yakan zo ya koma bai hau ciyawa ba, to wannan shekarar an yi asara ke nan. Na duba takardar sama da ƙasa, babu akwatin da ya dace da amsarsa.

Ni haifaffen cikin garin Sakkwato ne. Kafin in fara digiri na biyu a fannin kifi, sanina da gulbi bai wuce tsallaka gada da sayen soyayyar ƙarfasa da yamma ba. Malamin da ke duba aikina ne ya ba ni labarin Robert Johannes, masanin halittun teku da ya je tsibiran Palau a tekun Fasifik cikin shekarun 1970, ya zauna da masuntan gaɓar teku wata 16 yana fita su tare da su. Su suka nuna masa cewa kifaye iri-iri suna taruwa a wurare sanannu, a kwanaki sanannu na wata, don zuba ƙwai, abin da masana ba su rubuta ba a lokacin sai a kan nau'o'i kaɗan. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa sabon ilimin da ya samu a waɗannan watanni ya fi wanda ya tara cikin shekara 15 da ya yi yana bincike ta hanyar da aka saba. A gaɓar teku kuwa dalilin tasirin wata a fili yake: ruwa yana cika yana janyewa kullum, a yawancin gaɓoɓi sau biyu, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Mu nan ba mu da wannan, teku sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Amma malamina ya ce hanyar aikin zan ara: in fara da bakin masunta, in bi abin da suka faɗa da awo. Na zaɓi wani ƙauyen masunta da ke bakin Gulbin Rima, tsakanin Goronyo da Wurno.

Shiga ta ɗauki lokaci. Na fara da gidan mai gari, da takardar makaranta da ƙullin goro, shi ya haɗa ni da Sarkin Ruwa. Duk da haka na yi kusan mako biyu ba wanda ya gaya mini abin kirki. Ashe wasu sun ɗauka an turo ni ne in ƙirga masu koma mai ƙananan idanu don a zo a ƙwace, wasu kuma sun ce maganar haraji ce. Ban ga laifinsu ba, mutum ya zo da jaka da biro yana tambayar nawa ka kama jiya, ai dole a yi masa kallon biyu. Abin da ya sassauta al'amarin shi ne na ajiye takardar tambayoyin gaba ɗaya. Na koma kwana a zauren Sarkin Ruwa, muna sallar asuba tare, in bi su bakin ruwa in kama jan taru har tafin hannuna ya yi ƙanta, duk kifin da nake buƙata kuma in saya a farashin da 'yan kasuwa ke saya. Littafina sai da dare nake buɗe shi, in rubuta abin da na ji da rana.

Wata safiya ya ɗauki kara ya zana mini gulbin a kan rairayi. Ya ja babban layi, sannan ya shiga fitar da ƙoramu da tafkunan fadama, kowanne da sunansa da labarinsa: wannan shi ke fara cika, wancan sai marka ta yi ƙarfi, wannan gurbin ba ya ƙafewa ko a bazara. Na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a wayata muka gwada, kwanar da ya zana duk tana nan. Sai dai akwai ƙoramu uku da ya zana waɗanda a hoton gonakin albasa da shinkafa ne. Ya ce da ƙuruciyarsa da jirgi ake shiga cikinsu. Nan ne maganar madatsar ruwa ta shigo. An kammala madatsar Goronyo a 1984, tana iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900, kuma da ita ake noman rani, da ita birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. A ɗaya gulbin, wato Gulbin Sakkwato, akwai madatsar Bakolori tun 1978. Aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, to ruwan farko da take tarewa shi ne wanda a da yake malala cikin fadama ya hau ciyawa. Tsofaffin ƙauyen suna raba zamani biyu ne, kafin dam da bayan dam, sai kuma ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gidaje da gonaki, amma suka ce bayanta an ga kifin da aka daɗe ba a gani ba. Sun faɗi wannan ne cikin nauyin baki, don kowa yana da wanda ya yi asara a cikinta.

Da littafin ya fara cika, na raba abin da na ji gida uku. Kashi na farko shi ne wanda littattafan kimiyya suka riga suka tabbatar, kuma ya fi yawa. Sun ce balli yana share ciyawa ya yi sheƙa mai da'ira, faɗinta ya kai mita guda, ya tsare 'ya'yansa. Haka yake a rubuce. Sun ce uwar ƙarfasa tana ɗaukar ƙwai da 'ya'ya a baki, ba ta cin abinci sai ta sake su. Haka yake. Sun ce kurungu yana kuka idan an fito da shi, kuma wani irinsa yana iyo a rigingine. Kukan nan ƙayar gefensa ce ke gugar mazauninta, littafi ya ƙara mini wannan kawai.

Gaiwa kuwa sai da na gani da idona. Cikin watan Mayu, kafin ruwan farko, jikan Sarkin Ruwa, yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya ja ni cikin wani busasshen tafki wanda ƙasarsa ta tsattsage kamar tsohuwar tukunya. Yana tafe yana duban ƙasa, sai ya tsaya a kan wani ɗan rami da bai fi kan yatsa ba. Ya sa fartanya a hankali, ya yi tono kamar kamu ɗaya, ya ɗago dunƙulen laka. Da ya fasa, ga abu a naɗe cikin wata busasshiyar fata mai ruwan ƙasa kamar ganyen taba, wutsiya ta rufe kai, baki yana daidai da ramin nan da iska ke shiga. Muka sa ta a baho muka zuba ruwa. Ta daɗe ba motsi, har na fara tunanin ta mutu, can sai fatar ta jiƙa ta saki, ta miƙe a hankali, ta ɗago baki saman ruwa ta shaƙi iska. Na karanta wannan a aji, na san tana da huhu, na san sunanta na kimiyya Protopterus annectens, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma da an bar ni ni kaɗai a tafkin nan, sai in yi wata guda ina taka ramukan ban san akwai rai a ƙarƙashin ƙafata ba.

Kashi na biyu shi ne abin da ya shafi mutanen ruwa da asirin gado. Wannan na bar musu abinsu, ban zo nemansa ba, kuma ban ga ina da hurumin sa shi a sikeli ba. Abin da na lura kawai shi ne gurbin da aka ce ba a taɓa shi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ne mafi zurfi, kuma nan manyan iyayen kifi suke fakewa har rani ya wuce. Irin wannan tsari ne ya raya bikin kamun kifi na Argungu, inda ake hana kamun kifi a ruwan Matan Fada har ranar da za a shiga da homa da gora. An fara bikin a sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Kashi na uku ne aikina: maganganun da za a iya gwadawa. Babba a cikinsu ita ce ta jan ruwa. Na samo katako na yi masa fenti da zanen santimita, muka kafa shi a mashaya, jikan nan ya ɗauki nauyin karanta tsayin ruwa safe da yamma yana rubutawa a littafin makaranta. Na yi faifai mai faɗin santimita 20, baƙi da fari, wanda ake zurawa a ruwa da igiya a ga inda zai ɓace, da shi ake gane duhun ruwa. Na aro ma'aunin zafi da na'urar auna iskar oksijin. Sai sikeli ƙarami na auna ƙwai. Lissafin mai sauƙi ne: ka auna kifin gaba ɗaya, ka fede ta ka auna jakar ƙwan, ka raba nauyin ƙwan da nauyin jiki ka ninka da 100. Adadin yana hawa yayin da ƙwai ke ƙosawa, ya faɗi warwas da zarar ta zubar.

A wajen fiɗar nan na gamu da wadda ta fi kowa koya mini. Uwargidan Sarkin Ruwa tsohuwa ce, sana'arta banda, kowa Inna yake ce mata. Da farko ta labule nake gaishe ta, har ranar da ta leƙo ta ga yadda nake yanka tarwaɗa, ta ce, "Ɗana, kana ɓata kihi. Kawo nan." Ta karɓi wuƙar ta tsaga cikin da yanka ɗaya, jakar ƙwai ta fito ba ta fashe ba. Masunta maza sun san kifi a cikin ruwa, amma wanda ya san cikinsa shi ne wanda ya shekara 40 yana fede shi kullum. Ita matakai huɗu take da su: bai kama ba, ya kama, ya nuna, ta zubar. Tun kafin a yanka takan danna cikin da babban yatsa ta faɗa. Ƙwan da ya nuna, in ji ta, yakan yi kore-kore mai duhu, ya rarrabu kamar gero, in an matsa cikin kaɗan sai ya fito da kansa. Na roƙe ta mu yi gwaji: ta riƙa faɗin nata hukuncin ina rubutawa, sannan in auna ba tare da na gaya mata sakamakon ba. Da na jera lambobin daga baya, waɗanda ta ce sun nuna su ne a sama, waɗanda ta ce ba su kama ba su ne a ƙasa, saɓanin da aka samu kaɗan ne, kuma duk a tsakiya yake.

Ita ce kuma ta gaya mini abin da ban tambaya ba. Ta ce shekarar da jan ruwa ya yi jinkiri sosai, takan tarar da ƙwan ya koɗe ya yi laushi, "kamar ya narke a ciki." Na koma birni na duba, ga shi kuwa a littafi: idan kifi ta ƙosa amma yanayin zuba ƙwai bai samu ba, jikinta yakan tsotse ƙwan ya mayar da shi abinci. Wato tsohuwar nan, a bakin murhun bandarta, tana riƙe da tarihin shekarun da haihuwar kifi ta lalace a wannan yanki, abin da babu ofishin da ya rubuta. Tun daga ranar duk wanda ya ce mini zai yi bincike a kan masunta, tambayata ta farko ita ce ko ya shirya yadda zai ji daga bakin mata.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo nawa ne. Tsarin da na rubuta tun farko ya ce zan ɗauki samfuri ranar 15 ga kowane wata. Haka ake yi, kuma yana da dalili, don kada mai bincike ya riƙa zaɓen ranar da ta yi masa daɗi. A tsakiyar Yuni na tarar da cikin tarwaɗa dam da ƙwai. Cikin Yuli na shigo birni, sai aka kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a gabashin ƙauyen, ƙoramu suka kawo. Wajen ƙarfe goma na dare wayata ta yi ƙara, jikan ne, ya miƙa wa kakansa. Ya ce, "Yaro, jan ruwa ya zo. In kana son gani, taho yanzu." Na ce masa, Baba, ranar aikina sauran kwana huɗu, zan zo in sha Allahu. Ya ce to. Da na iso, ruwa ya koma cikin gulbi, duk macen da Inna ta danna sai ta ce ta zubar, sikeli kuma ya gaskata ta. Da lambobina kaɗai zan bi, da na rubuta cewa tarwaɗa tana zuba ƙwai tsakanin Yuni da Yuli. Ba ƙarya ba ne, amma abin da ya faru cikin dare biyu na shimfiɗa shi a kan kwana 30, kuma babu wanda zai iya kare kifi da irin wannan bayani. Sarkin Ruwa bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi akwai waɗanda ba su zubar ba, in na yi haƙuri marka na tafe.

Na je wajen malamina na gaya masa gaskiya. Muka bar awon wata-wata yadda yake, muka ƙara wani a kansa: duk lokacin da sandar mashaya ta nuna ruwa na hawa da sauri, zan ɗauki samfuri kullum har ya tsaya. Na tattara kayana na koma ƙauyen da zama.

Cikin Agusta abin ya zo. Tun la'asar yaron ya sheƙo a guje, ruwa ya haye zane huɗu tun safe. Na je na zura faifai, ko taƙi ɗaya bai yi ba ya ɓace, ruwan ya yi ja kamar kunun kanwa, ma'auni kuma ya nuna ya ɗan fi na jiya sanyi. Bayan isha'i muka shiga jirgi mu uku, Sarkin Ruwa yana tuƙi da gwangwala ba tare da fitila ba. Muka bar gulbi muka kutsa wata ƙorama, har jirgin ya fara gugar ƙasa, muka sauka muka taka. Ruwan bai kai gwiwa ba, ciyawar burugu duk ta nutse rabi, sauro kamar ya ɗauke mutum. Ya kama hannuna ya ce in tsaya in saurara. Da farko kwaɗi kawai nake ji. Can sai na fara rarrabe wani sauti daban, facal-facal, nan da can, ko'ina. Ya ce in kunna tocila in rufe rabinta da hannu. Ga su nan, bayansu a waje yana ƙyalli, suna kutsawa cikin ciyawa bibbiyu. Dab da ƙafata na ga namiji ya lanƙwashe jikinsa ya zagaye kan macen, suka tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ta kaɗa wutsiya da ƙarfi ta watsa ƙwan. Na daɗe a tsaye ban rubuta komai ba. Da na tuna aikina na tsinko ciyawar wurin na haska, ga ƙananan ƙwai sun manne mata. Na kai su gida a baho da ruwan wurin, kafin kwana biyu sun ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi kamar zare suna motsi a gindin baho. Inna ta zo ta duƙa ta daɗe tana kallo. Ta ce shekarunta duka tana ganin ƙwan a ciki, ba ta taɓa ganin fitowarsu ba.

A hanyar dawowa a daren nan muka wuce bakin wata ƙorama an jera mata gura daga gaɓa zuwa gaɓa. Gura tarko ne da masuntan Mali suka shigo da shi ƙasar nan, yana da arha, yana kamu ƙwarai. Duk tarwaɗar da ta nufi ciyawa ta wannan hanya a ciki za ta kwana, da ƙwanta. Sarkin Ruwa ya ce a zamanin mahaifinsa ba a tare bakin ƙorama a dararen farko na jan ruwa, sai kifi ya shiga ya fito. Sanin da ya kai ni wurin shi ne dai ya kai masu gurar, kuma ba zan zauna a birni in kira su maɓarnata ba. Lokacin nan ne rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, matasa sun yi yawa, ruwan kuma ya ragu. Wanda ya kama kwando biyu a daren nan ya sayi hatsin wata guda.

Ba duk maganarsu ce awo ya gaskata ba. Da yawa sun gaya mini cewa tarwaɗa tana faɗowa daga sama tare da ruwa, hujjarsu kuwa ana tsintarta cikin gona nesa da gulbi bayan an ɗauke ruwa. Na fasa kan wata na nuna wa Sarkin Ruwa jan naman nan mai rassa kamar 'yar bishiya da ke can ciki. Ya san shi sarai, duk mai cin kan tarwaɗa ya san shi. Na ce da shi take shaƙar iska a waje, shi ya sa take daɗewa ba ta mutu ba a kasuwa, kuma idan ƙasa ta jiƙa tana iya jan jiki da ƙayoyin gefenta daga wannan ruwa zuwa wancan. Ya saurara, ya ce to, Allah shi ne masani. Ban ƙara tayar da zancen ba. Bayan kamar mako biyu, da sassafe bayan ruwan dare, ya tashe ni da kansa ya kai ni bayan wani tafki. A kan laka ga wani sawu mai lanƙwasa, da 'yan tsage-tsage a gefe biyu, ya fito daga ruwa ya nufi gonar dawa. Ya bi shi da sanda har inda ya ƙare a wani ɗan kududdufi, ga tarwaɗar a ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan makaranta, wagga taka ce."

Maganar farin wata ta fi wuya. Sun haɗu a kan cewa idan wata ya yi haske kamun kalli, wato ragar zare da ake shimfiɗawa cikin ruwa, yana raguwa, don kifi na ganin zaren. Na rubuta kamun kowace safiya tare da kwanan wata, kuma lallai ya ragu a tsakiyar wata. Amma da na duba da kyau sai na ga a waɗannan darare mutane kaɗan ne suke fita, tunda sun riga sun yarda ba a samu. Ga hadari da ke rufe watan a damina, ga ruwa ja wanda haske ba ya ratsa shi. Hanyar raba gardama ita ce kalli ɗaya, wuri ɗaya, awanni ɗaya, a duhu da farin wata, cikin rani lokacin da ruwa ya kwanta sama ta washe. Masunta biyu sun yarda su yi haka da ni, ni ke biyan kuɗin daren da ba a samu ba.

Da na zo rubutu, wuraren zuba ƙwai da na ɗauka da na'urar GPS suka zame mini nauyi. Sarkin Ruwa ya taɓa tambayata wa zai karanta littafin. Na ce duk wanda ya so, har a intanet. Ya ce, "Har mai gura ɗari?" Wani daga cikin masu duba aikin ya so in sa lambobin wuraren don wani ya iya maimaita binciken, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Duk da haka ban sa ba. Na kwatanta irin wurin, zurfinsa da ciyawarsa da nisansa daga gulbi, na rubuta cewa mai son ainihin wurin ya je ya nemi izinin masu shi kamar yadda na nema. Amana aka ba ni cikin dare, a wurin da ko 'ya'yan ƙauyen ba duka aka kai ba.

Da kaka, bayan an sauko daga Juma'a, na mayar musu da abin da na samu. Na zana layi biyu a kan babban kwali: shuɗi na tsayin ruwa, daga littafin yaron nan, da ja na nauyin ƙwai. Duk inda shuɗin ya yi tsalle, jan yana faɗuwa bayansa da kwana ɗaya ko biyu. Ban yi dogon bayani ba, wani tsoho ya taso ya ɗora yatsa a kan tsallen farko ya ce wannan ruwan da ya ci gonar wane ne, aka ce shi ne. Sarkin Ruwa ya kawo shawarar a bar bakin ƙorama ɗaya a buɗe dare uku na farkon jan ruwa. Wani matashi ya miƙe, cikin ladabi, ya ce, "Baba, in mun bari, na ƙetare ba za su bari ba. Mu yi asara su su kwashe?" Aka yi ta magana har la'asar. Aka tashi a kan cewa Sarkin Ruwa zai je ya gana da takwarorinsa na ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da su kafin damina, kuma ya ce in ba shi kwalin ya tafi da shi. Na shiga ciki na nuna wa Inna nata kwafin, na nuna mata inda hukuncinta da sikelina suka haɗu. Ta sa aka naɗe mini banda a takarda, na ce zan biya, ta ce in na ƙara faɗa ta ɓata da ni.

Sandar tana nan a mashaya, mun sake mata fenti da rani. Yaron ya shiga littafi na uku, kuma yanzu da kansa ya ƙara wani layi a gefe inda yake rubuta launin ruwa da kwanan wata. Shekaranjiya da magariba ya turo mini saƙo cewa an yi ruwa a gabas, gulbi ya hau zane biyu amma bai yi ja ba tukuna. Na cika mashin da mai, tocila da faifai da sikeli suna cikin jaka a bakin ƙofa.